Allurar Hajiya Amina 'Yar Sin

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gajiyar hanya da baƙunta. Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya tsare ka a ƙasar da ba ka da kowa sai Shi, Ya tsare maka sallarka da cikinka da zuciyarka.

Da gangan na rubuta maka da Hausa. Na san Larabci ya fi zama a bakinka, ga shi yanzu ka je ɗaukar yaren mutanen Sin a kai. Amma abin da nake so in faɗa ba zan iya faɗarsa da Larabci ba. Ka karanta a hankali, inda ka kakare ka tambaye ni.

Ka tuna ran da makarantar can ta amsa maka, muna cin abincin rana ka ajiye cokali ka ce, "Umma, ina ga zan fasa. Wa zai zauna da ke?" Na ce maka, "Halas, ya isa, kada in ƙara jin wannan magana." Na katse ka ban ba ka dalili ba. To ga dalilin, yau da na samu zama.

Ka san Hajiya Amina, maƙwabciyarmu 'yar Sin. Ka gan ta 'yan lokuta idan ka zo hutu daga Jidda, kuma na san ganin yadda gwiwata ta saki a hannunta shi ya sa maka son wannan karatu na maganin allura, bayan ka riga ka gama na harhaɗa magunguna ka dawo gida wurina. Amma ƙarshen abin ka gani. Yadda aka faro ba ka nan.

Bayan rasuwar mahaifinka, da aka rufe shagonsa na magungunan gargajiya a unguwar Mansur ta nan Makka, gwiwoyina suka ƙi hawan matakalar tsohon gidanmu. Kai da ƙanwarka Maryam kuka dawo da ni nan Kudai, gidan da ke da na'urar hawa bene. Kun yi daidai, ban taɓa ganin laifinku ba. Sai dai a Mansur ko taga na buɗe zan ji mai waina tana ciniki da Hausa, wata ta ɗaga kai ta ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" Ko'ina ka bi a gidan ƙamshin kayan Malam ne, hulba da sanamaki da habbatus sauda da tazargaden da ake kawo masa daga Kano. A nan kuwa ƙarar motocin alhazai ce daga safe har yamma, mutanen da ka gani wannan mako ba su za ka gani mako mai zuwa ba. Maryam tana Riyad gidan mijinta, kai kana Jidda. Sai na rufe ƙofata. Wani lokaci yini guda ban buɗe baki ba sai a salla.

Ƙofar Hajiya Amina tana kallon tawa. 'Yar tsohuwa ce gajeriya mai farin mayafi, ta biyo ɗanta Yunusa da ke karatun addini a jami'a. Larabcinta bai wuce sallama da alhamdulillahi da 'yan kalmomi ba. Wata rana ta gan ni ina dafa bango kafin in kai ƙofa, ta nuna gwiwata, ta yamutsa fuska kamar ita ke jin ciwon. Washegari da hantsi ta ƙwanƙwasa, ta shigo da wani ɗan akwatin ƙarfe, ta buɗe. Allurai ne sirara kamar gashi, kowace a cikin ledarta. Ina gani na ja zanena na rufe ƙafa.

"La, la, shukran," na ce mata.

A raina cewa nake, ni matar Malam, da na yi shekaru ina daka magani ina tankaɗe, wannan ce za ta koya mini? Kuma abin da na sani na ƙasarsu a lokacin bai wuce silifa da fitilar da ke mutuwa bayan kwana kaɗan ba. Na ci gaba da shafa man zaitun da habbatus sauda, na ci gaba da salla a kan kujera. Sanyi ya zo ya wuce ina nan a haka. Wahalar da na sha a wannan tsakani ni na janyo wa kaina.

Ita kuwa ba ta ƙara kawo akwatin ba, ba ta kuma daina gaishe ni ba. Wata rana ta kawo mini romo a kwano, da wasu jajayen 'ya'yan itace busassu suna yawo a ciki. Na tauna ɗaya, sai na ji ni a bayan gidanmu na Kano ina yarinya. Magarya ce, Babana, sai dai tasu ta fi tamu girma da tsoka. Wata rana kuma na ji wani hayaƙi yana fitowa daga ɗakinta, na leƙa, na ga ta kunna wani abu kamar kara tana kusantar da shi ga kafaɗar ɗanta don ɗumi ya shiga. Ƙamshin tazargade sak. A gefe ga wasu ƙananan kofunan gilashi. Na ɗauki ɗaya na kifa a bayan hannuna na dube ta, ta gyaɗa kai tana dariya. Na ce da Hausa, "Ashe ku ma kuna ƙaho!" Daga ranar tsoron ya fara fita.

Don haka ka ji. Ran da ka dawo da alluranka, mutanenmu za su ja zane su rufe ƙafa kamar yadda na yi. Kada ka ji haushi, kada ka tsaya musu, kada ka ce musu ka yi karatu. Ka fara da abin da suka riga suka sani. Wanda ya san ƙaho da tazargade da citta ba baƙo ba ne a wurin wannan ilimi, lokaci kawai yake so. In kuma ya ƙi har ƙarshe, ka ci gaba da gaishe shi.

Ran da na yarda, Yunusa ya zauna a bakin ƙofa ya ba mu baya yana fassara. Na zaci gwiwar za ta fara dubawa. Sai ta kama wuyan hannuna, ta ɗora yatsu uku, ta lumshe ido. Ta daɗe har na fara jin kunya. Ta koma ɗaya hannun. Ta sa na fito da harshe ta duba. Sai tambayoyi: yaya barcina, ƙafata tana sanyi ko zafi, me nake sha da safe, ina yawan jin ƙishi. Ta ga gorar ruwan sanyi a gefena ta girgiza kai. Ta tashi ta juya bakin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, daga kan gadona, ta ce sanyinsa yana dukan gwiwa.

Na ce wa Yunusa, "Ka faɗa mata nan Makka ce. Wa ke shan ruwan ɗumi a Makka?"

Ya faɗa mata. Ta ba shi amsa gajeriya. Ya ce, "Ta ce ita."

Muka yi dariya mu duka. Sai ta sake yin magana, murya ƙasa-ƙasa, Yunusa ya fassara, yana kirana Hala, wato inna da Larabci.

"Ya Hala, tana tambaya, da wa kike cin abinci?"

Na ce, "Ni kaɗai."

"Tun yaushe?"

Na buɗe baki in ce tun rasuwar Malam, sai hawaye suka zubo. Ban yi kuka a gaban mutane ba ko ranar jana'iza, amma ran nan na yi shi a gaban matar da ba ta jin yarena. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma saki hannuna ba. Da na tsagaita, Yunusa ya ce, "Ta ce gwiwa za ta yi mata allura. Ɗayan kuma ba na allura ba ne. Ta ce gobe bayan azahar ki shigo."

Tun daga nan tare muke cin abincin rana. Ita ta ja taliya da hannu, doguwa kamar igiya, da romon rago. Ni in tuƙa tuwon shinkafa. Miyar kuka ta ba ta wahala da farko, tana ɗaga cokali tana kallon yadda take yauƙi. Amma da ta shinshina daddawa sai ta tashi da sauri ta ɗauko wani baƙin wake nasu a kwalba ta miƙo mini, warinsu ɗaya. Muna ci ba hira, sai nuni da dariya. Wani lokaci in yi ta ba ta labarin Malam da Hausa, ita ma ta yi ta nata da yarenta, na gane mijinta take nufi, shi ma ya rasu. Ba wadda ta fahimci kalma, amma kowa ta tashi da sauƙi.

A duk watannin da suka gabaci wannan, in kun kira ni kai da Maryam, me nake cewa? "Lafiya lau, alhamdulillahi." Ina ganin rufa muku asiri nake, kada in ɗora muku damuwa. Ashe ciwon nake ciyarwa. To kai ma za ka ga irina da yawa. Mutum zai zo ya ce maka kai, ko baya, ko rashin barci. Ka duba abin da ya kawo, amma ka tambaye shi gida. Ka tambaye shi wa ke gaishe shi da safe. Kuma kai kanka, Babana, a can kada ka saba da cin abinci a ɗaki kai kaɗai kana kallon waya. Ka nemi masallaci, ka nemi inda Musulmin garin ke cin abinci, ka zauna cikinsu ko ba ka jin me suke cewa. In na tambaye ka lafiya, in babu ka ce babu. Na fi son in kwana da damuwar gaskiya.

Allurar ba ta da zafin da na zata. Wani nauyi kawai nake ji yana bin ƙafar. Wata ta soka a gwiwa, wata a ƙasa kusa da idon sawu, har da hannu, abin da ya ba ni mamaki. Sauƙin ma bai zo da sauri ba. Makonni suka shuɗe ina cewa a raina babu abin da ya canza. Sai wata Juma'a a Harami na ga kujerun duk an ɗauke, na ce bari in gwada. Na durƙusa a hankali, goshina ya taɓa ƙasa. Na daɗe ban ɗago ba. Ban koma yarinya ba, har yau in na yi doguwar tafiya gwiwar tana tuna mini. Ita ma ba ta taɓa ce mini zan warke sarai ba. Abin da ta sa Yunusa ya faɗa mini tun farko shi ne, "Za mu rage, in Allah Ya so." Ka riƙe wannan kalma. Kada son a yabe ka ya sa ka yi wa mai ciwo alkawarin da ba a hannunka yake ba.

Yanzu ga wanda na fi so ka ji da kyau.

Da ƙafa ta yi sauƙi sai na ɗauki kaina gwarzuwa. Lokacin aikin Hajji ya zo, tsofaffin ƙawayena na Mansur suka ce za su je aikin girki a Arfa, na ce da ni. Ba don komai ba sai don in ji Hausa a kunnena yini guda. Muka sha tsayuwa a zafi, muka sha zama a mota cikin cunkoso, ƙafa a lanƙwashe. Bayan na dawo da kwana biyu, sha-raɓar ƙafata ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, ta yi tauri. Na ce gajiya ce. Na dafa citta da tafarnuwa na sha, na kira Hajiya Amina na nuna mata wurin, na nuna akwatinta.

Ta durƙusa ta taɓa da bayan hannu. Ta dubi ɗaya ƙafar ta gwada su. Na ga fuskarta ta canza. Ta mayar da murfin akwatin ta rufe.

"La," ta ce. "Mustashfa." Wato asibiti.

Na ce mata ba inda za ni, ta soka mini kawai, ko ta matsa mini da mai. Na kai hannu zan murza wurin da kaina, ta buge hannun. Wallahi buge shi ta yi, kamar na yaro. Raina ya ɓaci. Na ce mata da Hausa, "Ke wace ce da za ki hana ni jikina? In ba za ki yi ba ki fita mini!" Ita ma ta ɗaga murya da yarenta. Tsofaffi biyu muna ta faɗa, ba mai jin wata. Ta ciro abayata daga jikin ƙusa ta jefa mini a cinya, ta je ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu, ta ƙwala wa Yunusa kira ya nemo mota.

Sauran ka sani, don kai ka zo daga Jidda ka same ni a gadon asibiti. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya, da an murza shi ko an bar shi zai iya ɓallewa ya tafi huhu. Abin da ba ka gani ba shi ne bayan an sallame ni. Ta sa Yunusa ya karanta mata takardar maganin tsinka jinin da aka ba ni, ta shiga kicin ɗina ta kwashe wasu saiwoyi da ita da kanta ta ba ni, ta mayar ɗakinta. Ta nuna citta da tafarnuwa ta ce in tambayi likita tukuna. Allura ma ta dakatar sai da ya ba da izini.

Babana, a duk abin da za su koya maka can, ka koyi lokacin da ake rufe akwati. Ka riga ka san maganin asibiti, kada sabon ilimi ya sa ka raina tsohon, kada kuma tsohon ya sa ka je can kana musu kallon masu camfi. Mahaifinka ma, Allah Ya jiƙansa, in mai ciwon sukari ya zo shago da gyambo a ƙafa ba ya sayar masa da komai, sai ya ce, "Tashi ka tafi asibiti, in ka dawo ma yi magana." Kuma ka san halinmu. Muna shan zoɓo da sanamaki da jiƙe-jiƙe mu ɓoye wa likita, muna shan ƙwayar hawan jini mu ɓoye wa mai ganye. Kowa ya zo maka ka sa ya zazzage jakarsa a gabanka, ka ga duk abin da yake sha kafin ka ƙara masa wani. In ya yi fushi ya yi. Ni ma na yi, ga ni ina rubuta maka takarda.

Da Yunusa ya gama karatu suka shirya komawa. Na raka su tashar motoci ta nan Kudai inda za su hau zuwa Jidda. Ana ta turereniya, direba yana kira. Ta rungume ni, kanta bai wuce kafaɗata ba, ta ɗago ta ce mini da Larabcinta, "Kuli. Kuli." Wato in ci abinci. Motar ta tashi ina tsaye har ta sha kwana.

Mun yi waya 'yan lokuta. Sallama, alhamdulillahi, dariya, sai mu yi shiru muna jin numfashin juna, sai a kashe. Daga baya lambar ta daina shiga. Yunusa ya taɓa faɗa mini sunan garinsu, harshena ya kasa riƙewa, ni kuma ban ce ya rubuta mini ba, ina ganin kullum suna nan. Abin da na sani kawai garin sanyi ne, suna kiwon tumaki, akwai masallatai. Ban san ko tana da rai ba. Ɗakinsu yanzu 'yan Umara ake saukewa, yau waɗannan gobe waɗancan.

To ka ga dalilin da ya sa na hana ka fasawa. Mace ta taso daga ƙarshen duniya ta zo ta mayar da goshina ƙasa, ta kuma tsaya a ƙofa ta hana ni kashe kaina da taurin kai. Ba ta karɓi komai a hannuna ba sai tuwo. A Mansur kaɗai akwai tsofaffi irina da ba su ƙirguwa, masu salla a kujera, masu cewa lafiya lau. Ba za su samu Hajiya Amina ba. Amma za su iya samun wanda ke jin Hausa, ya san ƙwayar asibiti, ya san ganye, ya san allura. In ka zauna don ni, ni kaɗai ka yi wa. Ban haife ka don ka yi gadin tsohuwa ɗaya ba.

Ba zan ɓoye maka ba, tunda na ce kada ka ɓoye mini: gidan ya yi shiru ƙwarai. Har yanzu in na auna shinkafa sai in ga na auna ta mutum biyu. Jiya na ji ana taɓa ƙofar maƙwabta na miƙe, na zaci kai ne. Amma ina shan maganina a kan lokaci, ina zuwa ganin likita, ran Juma'a kuma in na fito daga Harami ina wucewa Mansur in yini a can. Maryam ta ce za ta zo da yara in an yi hutu. Kada wani ya kira ka ya ce Umma ba ta da lafiya ka kamo hanya ba ka ji daga bakina ba. In abin ya kai ka dawo, ni zan faɗa maka, na yi alkawari.

Ba zan ce ka nemo mini ita ba, na san ƙasar tana da faɗi, Amina kuma ba ɗaya ba ce. Amma duk masallacin da ka shiga, in ka ga tsohuwa mai farin mayafi a bakin ƙofa, ka rusuna ka gaishe ta da kyau, ka ce mata mahaifiyarka a Makka tana gaishe ta. Ka fara koyon wannan jimla da yarensu kafin sunayen saiwoyi.

Allah Ya buɗa maka ƙirji, Ya sa malamanka su so ka, Ya haɗa ka da abokan kirki. Allah Ya sa waraka a hannunka, Ya hana ka girman kai da ita. Ya raba ka da sanyin ƙasar da sharrin dare da na rana, Ya dawo mini da kai lafiya, in da rabon mu gana. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Duk ɗawafin da na samu yi, da sunanka a ciki.

In za ka kira, ka kira bayan la'asar ɗinku. Nan hantsi ne, lokacin da na gama shara da wanke-wanke, ba sauran abin yi.

Wassalamu alaikum.

Ummanka,
Kudai, Makka.